Yadda ake adana tarihin abin da aka shigar a Emacs, da yadda ake share wanda bai kamata ya zauna ba

Tambayar ta zo ne daga wani matashi mai kula da lissafin wani kantin sari a kusa da babbar kasuwar Maradi. Yana aiki da Emacs, manhajar rubutu da mutum ke iya shirya ta da kansa, a kan kwamfutar tebur mai Linux wadda su uku suke amfani da ita, kuma ya rubuta ɗan umarni na kansa wanda ke tambayar sunan abokin ciniki kafin ya buɗe shafin bashinsa. Abu uku ne suka dame shi. Duk lokacin da ya rufe manhajar ko wuta ta ɗauke, abin da ya shigar a baya yakan ɓace. Sunayen abokan ciniki suna cakuɗewa da wasu rubuce-rubucen da ba su shafe su ba. Sannan ya taɓa rubuta kalmar sirrin rumbun bayanan kantin a cikin wani umarni, yanzu kuma tana fitowa duk sanda aka koma baya.

Ƙanena, matsalolin nan uku tushensu ɗaya ne, kuma idan ka gane tushen za ka warware su da kanka har da waɗanda ba ka ci karo da su ba tukuna. Emacs ba shi da tarihi guda ɗaya. Abin da yake da shi jeri-jeri ne masu yawa, kowanne yana zaune a cikin mazubi mai sunansa, kuma dukkansu a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta suke, ba a kan faifai ba. Idan ka danna C-x C-f (a rubutun Emacs C yana nufin maɓallin Ctrl, M kuma Alt) ka rubuta sunan fayil a layin nan na ƙasa da ake kira minibuffer, sunan yana shiga mazubin file-name-history. Abin da ka rubuta bayan M-x yana shiga extended-command-history, na M-!, mai aika umarni ga shel na Linux, yana shiga shell-command-history, na M-: kuma, mai gudanar da layin shirin Emacs, yana shiga read-expression-history. Duk tambayar da mai shirya ta bai ambaci mazubinta ba, amsarta tana faɗawa cikin babban mazubi na kowa da kowa mai suna minibuffer-history. Kana iya ganin abin da ke cikin kowanne da idonka ta hanyar danna C-h v ka rubuta sunansa, kuma ina ba ka shawara ka fara da wannan kafin ka taɓa komai, domin wanda ya ga jerin da idonsa ya daina ɗaukarsa abin ɓoye.

Maɓallan yawo a cikin jerin ba su da yawa. M-p yana komawa baya, M-n yana dawowa gaba, M-r yana neman tsohuwar shigarwa da ta dace da abin da ka rubuta masa, C-r kuma yana lalube cikin tarihin harafi bayan harafi yayin da kake bugawa. A allon maɓallai na tsarin Faransa da muka fi samu a nan Nijar, Alt na hagu shi ne M, na dama kuwa AltGr ne kuma ba ya yin wannan aikin, idan kuma Alt ɗin ya ƙi, danna ESC ka saki sannan ka danna harafin. Mutane da yawa ba su san cewa M-n yana da amfani tun kafin a koma baya ba: idan ka danna shi a layin da babu komai, Emacs yana kawo maka abin da yake zaton za ka so, misali sunan fayil ɗin da kake ciki a halin yanzu.

Game da ɓacewar tarihi, maganin yana cikin Emacs ɗin da ke hannunka, ba sai ka sauke wani abu daga intanet ba. Sunansa savehist, Hrvoje Nikšić ne ya rubuta shi, kuma yana tare da Emacs tun siga ta 22 da ta fito a 2007. Aikinsa shi ne ya lura da kowane mazubin tarihi da aka yi amfani da shi a layin ƙasa, ya rubuta su duka cikin fayil mai suna history a cikin foldar .emacs.d, sannan ya loda su idan aka sake buɗe manhajar. Layuka uku sun isa a fayil ɗin saitinka:

(setq history-length 1000)
(setq savehist-autosave-interval 60)
(savehist-mode 1)

Jerin da suka zo a ciki yana da muhimmanci, saboda a lokacin da layi na uku ya kunna savehist ne ake karanta fayil ɗin tarihi kuma a saita agogon adanawa. Duk saitin da ya shafi savehist, ka sa shi a sama da wannan layin.

Layi na biyu shi ne wanda ya fi shafar irin halin da muke ciki. Tun asali savehist yana adanawa ne a lokuta biyu: sanda aka fita daga Emacs ta hanyar da ta dace, da kuma duk bayan daƙiƙa 300, wato minti biyar. Fita ta hanyar da ta dace tana nufin C-x C-c, inda manhajar ke samun damar kammala ayyukanta kafin ta rufe. Ɗaukewar wuta ba ta ba da wannan damar, kuma kwamfutar tebur wadda ba ta da batiri ko na'urar riƙe wuta tana mutuwa nan take. A lokacin bazara, sanda wuta ke yawan zuwa da tafiya, minti biyar na iya zama sunayen abokan ciniki da dama a ranar da kasuwa ta cika. Mayar da shi daƙiƙa 60 ba ya wahalar da kwamfuta, domin savehist yana duba ko an sami canji tun adanawar ƙarshe, idan babu kuma ba ya sake rubuta fayil ɗin.

Layi na farko kuwa yana faɗin iyakar tsawon kowane jeri. A da iyakar 30 ce, aka ɗaga ta zuwa 100 a siga ta 24.4 a 2014, kuma da zarar jeri ya cika, mafi tsufa ne ke fita. Ana iya ba shi darajar t, ma'ana babu iyaka sam, amma ban yarda da wannan ba ga kwamfutar aiki. Fayil ɗin zai yi ta girma shekara da shekaru, ana sake rubuta shi gaba ɗaya a kowace adanawa, kuma ana karanta shi gaba ɗaya a kowace buɗewa. Dubu ɗaya ta wadatar ga kusan kowane jeri, wanda kuma yake buƙatar fiye da haka ana iya ba shi tasa iyakar shi kaɗai, kamar yadda za ka gani a ƙasa.

Akwai wani tarkon da ya kamata ka sani tun yanzu. A sigogi irin su 27 da 28 da 29, idan aka buɗe Emacs biyu a asusu ɗaya, kowanne yana riƙe da nasa jerin a ƙwaƙwalwa, kuma wanda ya yi rubutun ƙarshe shi ne ke shafe na ɗan'uwansa a fayil. Mai buɗe sabon Emacs ga kowane fayil zai riƙa ganin tarihinsa yana raguwa ba tare da ya san dalili ba. Hanyar kauce wa haka ita ce a tashi Emacs guda ɗaya da emacs --daemon, wanda yake akwai tun siga ta 23 a 2009, sannan a riƙa buɗe tagogi da emacsclient, ta yadda duk tagogin suna ɗiba daga jeri ɗaya. Haka nan idan kana amfani da desktop-save-mode, mai dawo da fayilolin da ka bari a buɗe, ka sani shi ma yana adana file-name-history da jerin bincike, saboda haka ka bar wa ɗayansu aikin, kada su riƙa loda tsohon jeri a kan sabo.

Yanzu ga batun cakuɗewar sunaye, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, tunda a nan ne ake cin moriyar manhajar da mutum ke iya shirya ta da kansa. Kusan na tabbata umarninka yana kiran read-string da tambaya kawai, bai ambaci mazubi ba, shi ya sa amsoshin suke faɗawa cikin minibuffer-history tare da amsoshin kowace tambaya marar mazubi. Gyaran shi ne ka ƙirƙiri mazubinka ka miƙa sunansa a gurbi na uku:

(defvar tarihin-abokan-ciniki nil)
(put 'tarihin-abokan-ciniki 'history-length 3000)
(read-string "Sunan abokin ciniki: " nil 'tarihin-abokan-ciniki)

Daga nan M-p a wannan tambayar ba zai kawo komai ba sai sunayen abokan ciniki, kuma savehist zai fara adana mazubin da kansa tun ranar da ka fara amfani da shi, ba sai ka sanar da shi ba. Layi na biyu shi ne iyakar da ta keɓanta da wannan jerin, tana kuma rinjayar iyakar gaba ɗaya. Ka lura cewa defvar na rubuta a layi na farko, kuma da gangan ne. Defvar ba ya taɓa mazubin da ya riga ya sami abu a ciki, saboda haka idan savehist ya loda tsofaffin sunaye tun farko, suna nan daram. Wanda ya sa setq a wurin zai wayi gari kullum da jeri fanko, ya yi ta zargin savehist alhali layinsa ne ke goge abin da aka loda. Idan umarninka yana tambayar abu fiye da ɗaya, misali suna da nau'in kaya da garin da za a kai, kowanne ka yi masa nasa mazubin, kamar yadda mai kanti ba ya rubuta bashi da odar kaya a littafi ɗaya.

Da zarar jerin ya keɓanta za ka lura da maimaici. Tun asali Emacs ba ya sake ajiye shigarwar da ta yi daidai da wadda ta gabace ta kai tsaye, amma idan wani suna ya shiga tsakani, zai ajiye ta karo na biyu. Idan ka ba history-delete-duplicates darajar t, duk sanda ka shigar da suna ana cire tsofaffin kwafinsa, sabon ya hau kan jeri. Ga sunayen mutane da na fayiloli wannan shi ne daidai, domin waɗanda kuke hulɗa da su kullum za su kasance kusa da hannu. Sai dai saitin ya shafi dukkan jerin layin ƙasa ne a lokaci ɗaya, kuma ba ya komawa ya tsabtace abin da ya riga ya taru, sai dai kowane suna ya tsabtace nasa kwafin sanda aka sake shigar da shi. Mai son sharewa nan take sai ya bi jerin da delete-dups sau ɗaya.

Amma akwai irin maimaicin da babu saitin da zai gane shi, kuma mu a nan mun fi kowa fama da shi. Emacs yana kwatanta rubutu harafi da harafi ne, har da bambancin babban baƙi da ƙarami. Mutum ɗaya ne za a rubuta shi Issoufou yau bisa tsarin takardun hukuma, gobe Isufu, jibi Yusuf idan mai rubutun ya saba da abokan ciniki daga Jibiya ko Katsina. Haka Ɗan da Dan da D'an, a wurin kwamfuta abu uku ne daban. Fayil ɗin savehist yana riƙe haruffanmu masu ƙugiya lafiya lau, domin da UTF-8 ake rubuta shi, saboda haka matsalar ba ta adanawa ba ce, ta hannuwa uku ce masu rubuta suna ɗaya ta hanyoyi uku. Shi ya sa nake ganin read-string bai dace da wannan tambayar ba tun farko. Abin da ya dace shi ne completing-read, wanda kake ba shi jerin sunayen da ke cikin littafin kantin a gurbi na biyu, ka sa t a gurbi na huɗu don ya ƙi karɓar sunan da ba ya cikin jerin, sannan ka ba shi mazubin tarihin a gurbi na shida. Sabon abokin ciniki kuma a yi masa umarni daban na shigarwa. Da wannan tsarin, tarihi ya koma abin da aka yi shi dominsa, wato hanyar saurin kaiwa ga wanda aka nema kwanan nan, sunaye na gaskiya kuma suna zaune a fayil ɗin da kai ne ke kula da shi. Kada ka taɓa dogara da tarihi a matsayin shaidar wanda ya zo kanti, domin ba ya riƙe rana ko lokaci, kuma tsoho yana fita ba tare da sanarwa ba. Idan daga baya ka sa Vertico, wani ƙari na Emacs mai nuna jerin zaɓuɓɓuka wanda Daniel Mendler ya rubuta, za ka tarar yana jera zaɓuɓɓukan bisa wannan tarihin, na kwanan nan a sama.

Saura kalmar sirri. Abu na farko, kafin duk wani share-share, ka canza ta a rumbun bayanan, domin ta daɗe a wurin da mutum uku ke iya ganinta kuma gogewa ba ta mayar da abin da ido ya gani. Bayan haka sai ka bi ta duk inda ta sauka, kuma wuraren sun fi ɗaya. Idan da M-! ka rubuta umarnin, tana cikin shell-command-history, tana kuma cikin command-history, wanda ke riƙe cikakken umarni da abin da aka ba shi don C-x ESC ESC ya iya maimaita shi. Ka danna M-: ka rubuta wannan:

(setq shell-command-history nil command-history nil)

Na zaɓi goge jerin biyu gaba ɗaya maimakon cire shigarwa ɗaya saboda wani dalili da ake yawan mantawa. Wanda ya ce zai cire layin nan kaɗai dole ya sake buga shi a M-:, kuma abin da aka buga a M-: yana shiga read-expression-history, sai kalmar ta tashi daga wannan mazubin ta koma wancan. Bayan gogewa ka kira M-x savehist-save don fayil ɗin ya bi abin da ke ƙwaƙwalwa. Kada ka buɗe fayil ɗin history ka gyara da hannu alhali savehist yana aiki, domin adanawa ta gaba za ta dawo da abin da ka goge daga ƙwaƙwalwa. Ka kuma sake tashin Emacs, saboda C-h l yana nuna maɓallai 300 na ƙarshe da aka danna, wannan kuwa ba ya wuce rufewa.

Idan a cikin M-x shell ka rubuta ta, lissafin ya bambanta. Wannan shafin ba ya amfani da jerin layin ƙasa, yana da nasa zoben mai suna comint-input-ring wanda ya keɓanta da shafin, kuma savehist ba ya taɓa shi. Ana cika zoben daga fayil ɗin tarihin shel ɗinka, ga mai bash wato .bash_history, don haka can za ka duba bayan ka rufe shafin. Eshell, shel ɗin da ke cikin Emacs kansa, shi ma yana da nasa fayil a foldar eshell cikin .emacs.d, inda yake riƙe shigarwa 128 idan ba a canza ba.

Don kada haka ta sake faruwa, kada kalmar sirri ta shiga jikin umarni ko da sau ɗaya. Ga mai rumbun bayanai na MySQL, a rubuta -p ba tare da komai a bayansa ba, sai shirin ya tambaya da kansa, kuma a cikin M-x shell Emacs yana gane irin wannan tambayar ya karɓi amsar a ɓoye ba tare da ya ajiye ta ba. Ga mai PostgreSQL akwai fayil ɗin .pgpass, inda ake ajiye kalmar sirrin. A cikin umarnin da ka rubuta da kanka kuma, ka yi amfani da read-passwd, wanda ba ya nuna haruffa kuma ba ya ajiye tarihi. Ga abin da ba kalmar sirri ba ne amma bai kamata ya zauna ba, kamar lambar wayar abokin ciniki, sigogin zamani suna karɓar t a gurbin tarihi, ma'ana kada a ajiye komai. Akwai kuma savehist-ignored-variables, inda za ka sa sunan duk mazubin da kake so ya yi aiki a zaman yau amma kada ya sauka a faifai, kuma a kwamfutar da ake rabawa ni zan sa shell-command-history a ciki.

Savehist yana rubuta fayil ɗinsa da izinin 600, wato mai asusun kaɗai ke iya karantawa. Wannan kariya ce ta gaske idan kowannenku yana da asusunsa a Linux, amma idan ku uku kuna shiga da asusu ɗaya ba ta tsare komai. Raba asusu shi ne gyaran da ya dace, kuma ba ya cin ko sefa ɗaya. Siga ta 29 da ta fito a 2023 ta kawo --init-directory, wanda ke ba kowa damar tashin Emacs da tasa foldar saiti, sai tarihinku ya daina cakuɗewa, amma wannan tsari ne kawai ba tsaro ba, tunda kowa na iya buɗe foldar ɗan'uwansa. Ka kuma tuna da fayil ɗin history duk sanda za ka kwafe .emacs.d a kan filashi don ba wani aboki, ko za ka ɗora ta a GitHub, domin yana tafiya tare da saitin idan ba ka cire shi ba.

Za ka ga wasu suna ƙara kill-ring da search-ring da regexp-search-ring cikin savehist-additional-variables, saboda waɗannan ba jerin layin ƙasa ba ne kuma savehist ba ya ɗaukarsu da kansa. Jerin bincike biyun ba su da illa, kowanne 16 kawai yake riƙewa tun asali. Kill-ring kuwa yana ɗauke da duk abin da aka yanka ko aka kwafa, har da adadin bashin mutane, kuma yana tafe da bayanan launi da siffar rubutu waɗanda ke kumbura fayil ɗin har buɗe Emacs ya yi nauyi. A kwamfutar kanti ban ga dalilin adana shi ba.

Idan ɗaya daga cikin abokan aikinka mai Vim ne, wato wata manhajar rubutu irin Emacs, tsarin kusan ɗaya ne da wasu sunaye. Saitin history ne ke faɗin tsawon jeri, fayil ɗin .viminfo ne ke adana shi, q: yana buɗe tarihin umarni a taga inda ake iya gyara tsohon layi a sake aika shi, histdel kuma yana goge shigarwa. Inda Vim ya bambanta shi ne tun siga ta 8.0 a 2016 yana haɗa tarihin zama daban-daban bisa lokacin da aka shigar da kowanne, don haka buɗe shi sau biyu ba ya jawo asarar da na ambata a sama. Idan kalmar sirrin nan ta taɓa bi ta wani umarni a Vim, to .viminfo ma yana cikin wuraren da za ka duba.